Zagaya gaɓar Ayislan a ƙaramin jirgin ruwa: ya ci kuɗinsa kuwa?

Tambayar da wani dattijo ya turo ita ce: "Assalamu alaikum. Ɗana da ke aiki a Ingila yana so ya biya mana tafiya Ayislan, ni da uwargidana, a bazarar Turai mai zuwa. Ya ba mu zaɓi uku: ƙaramin jirgin ruwa mai ɗaukar mutum wajen 150 da zai zagaya tsibirin cikin kwana goma, ko ƙaton jirgi mai dubban fasinjoji wanda kuɗinsa bai kai na ƙaramin ba ko kusa, ko kuma mu yi hayar mota. Mun haura shekara sittin, ba mu taɓa kwana a kan teku ba, ga shi muna jin labarin duwatsu masu aman wuta a can. Wanne ya fi? Kuma yaya za mu yi da salla a ƙasar da aka ce rana ba ta faɗuwa?"

Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya yi wa yaron albarka, ya ba shi masu yi masa. Na yi aikin rakiyar fasinjoji a irin waɗannan jirage, kuma shawarata ita ce ku ɗauki ƙaramin jirgin, matuƙar ku da Hajiya kuna iya hawa da sauka a matakala ba tare da an tallafe ku ba. Amma kuɗin da yaron zai kashe ba kaɗan ba ne, don haka ya kamata ku san abin da ake saya da shi.

Ayislan tsibiri ne mai faɗin kimanin murabba'in kilomita 103,000 a arewacin tekun Atlantika, mutanensa ba su kai 400,000 ba, kuma kusan kashi biyu cikin uku suna Reykjavik, babban birnin ƙasar, da kewayenta. Tsakiyar ƙasar babu kowa: ƙanƙara ce da baƙin yashi da sandararren narkakken dutse. Yawancin waɗanda suka zauna a ƙasar nan tun zuwan mutanen farko wajen shekara ta 870, kusa da bakin ruwa suka zauna. Babbar hanyar da ta zagaye tsibirin, mai tsawon kilomita 1,300 da ɗoriya, sai a 1974 aka haɗe bakinta. Garuruwan kamun kifin an gina su ne suna fuskantar teku, don haka wanda ya shigo ta ruwa ta ƙofar gaba ya shigo. Bayan haka, babbar hanyar nan ta kauce wa yankin arewa maso yamma baki ɗaya, wato Vestfirdir, kuma ba ta kai mutum tsibiran Grimsey da Heimaey. Waɗannan wurare su ne ainihin abin da kuke biya wa kuɗi. Idan tsarin tafiyar da aka turo muku bai ba su kwanaki masu kauri ba, ku ajiye shi ku nemi wani.

Ƙaton jirgi otal ne mai tafiya. Yana buƙatar doguwar tasha mai zurfi, shi ya sa yawancinsu Reykjavik da Akureyri da Isafjordur suke tsayawa, a zuba mutum dubu biyu ko uku cikin motocin bas, a dawo da su kafin magariba. Isafjordur kuwa mazaunansa ba su kai 3,000 ba, sai ka ga ranar da baƙi suka fi 'yan gari yawa, har ta kai hukumar garin ta sa iyaka ga adadin fasinjojin da za a sauke a rana. Ƙaramin jirgi yana ɗauke da kwale-kwalen roba masu inji, waɗanda ake kira Zodiac, kowane yana cin mutum goma zuwa goma sha biyu. Jirgi zai jefa anga a lungun da babu tasha, a sauke kwale-kwalen da ƙugiya, ku shiga da rigar ceto a jikinku, a kai ku gaɓa. Wani wurin akwai dandamalin katako da za ku taka. Wani wurin kuma sai kun zuro ƙafa cikin ruwa mai kai wa ƙauri, shi ya sa ake ba kowa dogon takalmin roba. A cikin jirgin akwai masana duwatsu da tsuntsaye da tarihi, su ne masu tuƙa kwale-kwalen da rana, su ne masu ba da lacca da yamma. Yawanci ana tafiya da dare, ku farka a sabon wuri.

Akwai abu guda da nake so ku riƙe tun yanzu, domin shi ne ya fi ɓata wa fasinjoji rai: jadawalin da ke cikin takarda niyya ce kawai. Iska da igiyar ruwa ke da maganar ƙarshe. Kyaftin da shugaban tafiya suna zama kowane dare su duba hasashen yanayi, kuma suna iya soke saukar da kuka fi ɗoki, su kai ku wani lungun da ya fi kariya. Wannan sauyin shi ne ƙarfin ƙaramin jirgi, tunda ƙato idan tasharsa ta gagara sai dai ya wuni a teku. Duk kyaftin ɗin da ya hana sauka saboda taguwar ruwa, ku gode masa.

Yawancin jirage suna tashi daga Reykjavik su yi arewa, su bi ta gabas su dawo ta kudu. Zango na farko galibi yankin Snaefellsnes ne, inda dutsen Snaefellsjokull mai tsayin mita 1,446 yake zaune da hularsa ta ƙanƙara, sai garin Stykkisholmur ko ɗan tsibirin Flatey mai tsofaffin gidajen katako. Wuri ne mai kyau, amma mota ma tana zuwa mafi yawansa.

Daga nan ne tafiyar take fara biyan kuɗinta. Vestfirdir shi ne ɓangaren ƙasar da ya fi tsufa, duwatsunsa sun kai shekara miliyan 15 ko fiye, kuma ƙanƙarar zamanin da ta sassaƙa shi ta bar dogayen lunguna na teku tsakanin tsaunuka masu shimfiɗaɗɗen kai. A ƙarshen yamma akwai Latrabjarg, gangaren dutse mai tsawon kilomita 14 da tsayin da ya kai mita 440 a wani wurin, cike da miliyoyin tsuntsayen teku a lokacin ƙyanƙyasa. Wanda ya zo da mota daga sama yake leƙawa, ya ga ɗan abin da ke gabansa. Daga ruwa kuwa bangon gaba ɗaya ne a gabanku, kowane tsagi fari fat da tsuntsu, ga ƙara ga wari. A gindin wannan dutse ne wani jirgin kamun kifi na Ingila mai suna Dhoon ya daki duwatsu a Disamba 1947, manoman yankin suka sauka da igiyoyin da suke ɗiban ƙwan tsuntsu da su, cikin sanyi da ƙanƙara, suka fito da mutum 12 da rai. Idan jirginku ya bi ta wurin, ku ɗaga kai ku dubi inda suka sauko. Gaba kaɗan, a ƙuryar lungun Arnarfjordur, akwai magangarar ruwan Dynjandi mai tsayin kusan mita 100, siririya a sama, mai faɗi a ƙasa. Kwale-kwale yana sauke mutane a gindinta, kuma ko Hajiya ba ta hau har sama ba, za ta gan ta sarai daga ƙasa.

Tsibirin Vigur ɗan ƙarami ne, tsawonsa wajen kilomita biyu, iyali guda ke zaune a kai. Sana'ar wurin gashin agwagwar teku ce. Agwagwar tana fizge lallausan gashin ƙirjinta ta shimfiɗa wa ƙwanta, manomi ya ɗebi gashin ya sa mata busasshiyar ciyawa a madadinsa, shi kuma ya tsare ta daga masu cin ƙwai. Ba a kama ta, ba a yanka ta, kuma kowace shekara ita ke dawowa da kanta. Sai an tara na sheƙa 60 ko fiye kafin a sami kilo ɗaya tsaftatacce, shi ya sa bargon da aka cika da shi yake cikin mafi tsada a duniya. A Vigur za a ba ku sanda ku ɗaga sama da kanku. Kada ku raina ta. Akwai wani farin tsuntsu da mutanen ƙasar ke kira kiriya, wanda yake tafiya har ƙarshen kudancin duniya ya dawo duk shekara, kimanin kilomita 70,000, kuma idan aka matso kusa da sheƙarsa yana sarar abin da ya fi tsayi a jikin mutum. Gara ya sari sanda.

Sai Hornstrandir, can ƙuryar arewa, inda babu hanyar mota ko ɗaya. A da can akwai ƙauyuka a wurin. A Hesteyri 'yan Norwe sun kafa masana'antar sarrafa kifin wel a 1894, daga baya ta koma ta kifin herin, aka rufe ta a 1940. Da aiki ya ƙare, ga doguwar hunturu ga rashin hanya, sai mutane suka yi ta tashi, na ƙarshe suka bar garin a 1952. An mai da yankin gandun da doka ta kare a 1975. Yau jikokinsu suna zuwa tsofaffin gidajen da bazara, sauran shekara kuwa sai yanyawar ƙanƙara, wadda ita kaɗai ce dabbar tudu mai shayarwa da ta riga mutane zuwa tsibirin. Da yake an hana farautarta a nan, ba ta gudun mutum sosai. A nan girman jirgi yake da tasiri ƙwarai, domin dokar gandun ta taƙaita saukar jiragen da ke ɗauke da mutum fiye da 50. Jirginku mai 150 zai fi yiwuwa ya bi gindin dutsen Hornbjarg ku kalla daga ruwa, wanda shi ma abin gani ne. Ku sa yaron ya tambayi kamfanin a rubuce: za a taka ƙasa a Hornstrandir ko wucewa za a yi? Kamfani mai gaskiya zai amsa kai tsaye.

A arewa akwai Siglufjordur, garin da kifin herin ya gina. A farkon rabin ƙarni na 20 dubban ma'aikata, yawancinsu mata, suna tururuwa can duk bazara suna gyara kifi suna cusa shi a ganga da gishiri, har garin ya haura mutum 3,000. A ƙarshen shekarun 1960 kifin ya ɓace saboda yawan kamu, garin ya koma kusan 1,200. Gidan tarihinsu na herin yana cikin mafi kyau a ƙasar. Kuma a waɗannan garuruwan kifi ne za ku ga abin da zai ba ku mamaki: idan kuka ce daga Najeriya kuke, dattijan wurin ba za su tambaye ku ina ce Najeriya ba. Busasshen kifin nan da ake kira okporoko ko fanla a kasuwanninmu, musamman kawunan, kaso mai yawa daga Ayislan da Norwe yake zuwa, kuma Najeriya ce babbar kasuwar kawunan kifin Ayislan tun shekaru da dama. Wasu masana'antun da zafin ruwan ƙarƙashin ƙasa suke busar da shi. Idan darajar naira ta faɗi, akwai ƙauyukan da suke ji a aljihunsu a can.

Grimsey tana kilomita 40 daga gaɓar arewa, kuma ita ce inda layin Da'irar Aktik, wato layin taswira da daga shi zuwa arewa rana kan kwana ba ta faɗi ba a tsakiyar bazara, ya ratsa ƙasar Ayislan. Mazaunanta 'yan gomomi ne, tsuntsaye kuwa ba iyaka. An ajiye wani ƙaton dunƙulen kankare mai nauyin tan takwas a kan layin, ana gusar da shi lokaci zuwa lokaci, saboda layin yana matsawa arewa wajen mita 14 a shekara, kuma kafin tsakiyar wannan ƙarni zai fice daga tsibirin. Tafiya zuwa wurin dunƙulen da ƙafa tana da ɗan nisa, ba dole ba ce. Tsuntsun fafin, mai baki ja da rawaya, yana nan birjik tun daga kusa da tasha. Grimsey ce wurin da aka fi soke sauka saboda taguwa, don haka kada ku ɗora ranku a kanta.

Akureyri da Husavik da Djupivogur, gaskiya, a nan ku da fasinjan ƙaton jirgi duk ɗaya kuke: bas za ku shiga zuwa magangarar Godafoss, da tafkin Myvatn inda laka ke tafasa ƙasa na warin ƙibiritu, da tafkin Jokulsarlon inda gutsattsarin ƙanƙarar Vatnajokull ke yawo kafin su fita teku. Suna da kyau ƙwarai, amma ba don su ake hawa ƙaramin jirgi ba. Abin da zan ce kawai, a mashigin Skjalfandi kusa da Husavik ku tsaya a waje da madubin hangen nesa, domin nan ne aka fi ganin kifin wel, har da shuɗin nan da babu dabbar da ta kai shi girma, wanda yakan shigo a farkon bazara.

Heimaey ce nake so ku ba wa zuciyarku. Ita kaɗai ce ake zaune a kai cikin tsibiran Vestmannaeyjar da ke kudu. Cikin daren 23 ga Janairu 1973 ƙasa ta tsage a gefen gari, ba nisa da gidajen ƙarshe, wuta ta yi ta feshi sama. Ikon Allah, guguwar da aka yi a ranar da ta gabata ta hana jiragen kamun kifi fita, duk suna tasha, don haka kafin gari ya waye sosai an kwashe kusan dukkan mutanen garin, su fiye da 5,000, zuwa babban tsibiri. Aman ya ci gaba har farkon Yuli, ya cinye ko ya binne gidaje kusan 400, ya tayar da sabon dutse da aka sa wa suna Eldfell. Babban tashin hankalin shi ne narkakken dutsen ya nufi bakin tashar jiragen ruwa, kuma idan ya toshe ta garin ya mutu, tunda kifi ne abincinsa. Sai suka jawo famfuna, wasu daga Amurka, suka yi watanni suna watsa masa ruwan teku, kusan tan miliyan shida, har gabansa ya daskare ya tsaya. Tashar ta tsira, har ma ta fi da samun kariya daga iska. Shigar ƙaramin jirgi ta wannan ƙunƙuntar ƙofa, tsohon dutse a hannu ɗaya, baƙin dutsen 1973 a ɗaya hannun, tsuntsaye na shawagi a kanku, ita ce sa'ar da ta fi kowace a tafiyar. Manyan jirage ba sa iya shiga, a waje suke tsayawa, idan teku ta ƙi kuma su wuce. Ku tashi da wuri ranar, ku fito waje. A cikin gari akwai gidan tarihin Eldheimar, wanda aka gina a kan wani gida da aka tono daga toka da kayansa a ciki.

Masu rakiya za su kuma ba ku labarin 1627, lokacin da 'yan fashin teku daga Aljiyas suka kama mutum wajen 240 a Heimaey suka kai su Arewacin Afirka suka sayar. Tarihi ne da ya faru, mutanen wurin suna ba da shi ba tare da nufin cin fuskar kowa ba, na faɗa muku ne don kada ya zo muku ba zato. Idan yanayi ya yi kyau, jirgi yakan zagaya Surtsey, tsibirin da ya ɓullo daga teku a Nuwamba 1963, aman ya ci gaba har 1967. Ba a barin kowa ya sauka sai masu bincike, domin ana bin yadda tsiro da tsuntsu suke kama sabuwar ƙasa da kansu. UNESCO ta sa shi cikin wuraren gadon duniya a 2008. Ku da kuka haura sittin, Alhaji, za ku kalli ƙasar da take sa'arku.

Game da tsoron aman wuta, ku kwantar da hankalinku. Ayislan tana kan tsagin da ya raba faifan ƙasar Amurka ta Arewa da na Turai da Asiya, suna rabuwa da kimanin santimita biyu a shekara, shi ya sa wutar ba ta ƙarewa. Tun Maris 2021 yankin Reykjanes ya farka, an kwashe mutanen garin Grindavik a Nuwamba 2023, kuma an yi aman sau da dama bayan nan. Amma irin wannan aman narkakken dutse ne mai malala a wuri guda, hukumomi suna sa ido dare da rana, suna rufe hanyar da ta kamata. Wanda ya fi damun matafiya shi ne mai toka, irin na Eyjafjallajokull a 2010 da ya tsayar da jiragen saman Turai kwanaki. Maganin wannan inshorar tafiya ce mai kyau, wadda ta haɗa da soke tafiya da kuma ɗaukar mara lafiya da jirgin sama.

Abin da ya fi cancantar ku yi wa shiri shi ne tekun kanta. Cikin lunguna ruwa lafiya lau yake, amma wajen kewaya Vestfirdir, da kusurwar arewa maso gabas, da dukan gaɓar kudu wadda take buɗe ga Atlantika, ƙaramin jirgi yana rawa fiye da ƙato. Ku zaɓi ɗaki a tsakiyar jirgi kuma a hawa na ƙasa. Ɗakunan sama masu baranda sun fi tsada kuma sun fi girgiza. Ku ga likitanku kafin tafiya ya zaɓa muku maganin jiri da tashin zuciya wanda ba zai yi karo da na hawan jini ko na suga ba idan kuna sha, kuma a sha shi kafin a shiga ruwa mai motsi, domin bayan amai ya fara ba ya aiki sosai. Citta tana taimaka wa wasu. Kada ku zauna da yunwa, kada ku ƙule a ɗaki, ku fito ku kafa ido a inda sama ta haɗu da ruwa. Hannu ɗaya kullum a kan ƙarfen riƙo. Ku tambaya ko jirgin yana da na'urar rage tangaɗi da kuma lif. Ƙarfin fasa ƙanƙara da wasu kamfanoni ke tallatawa ba ku buƙatarsa a gaɓar Ayislan da bazara, kada a ƙara muku kuɗi a kansa.

Sanyi kuma, a watan Yuli ma'aunin zafi yakan tsaya wajen digiri 10 zuwa 13, wato tsakar ranar bazararsu kamar asubahin hunturu ne a Kano, sai dai an ƙara masa iska da yayyafi. A kan kwale-kwale ya fi haka ciwo. Sirrin shi ne sutura hawa-hawa: ta ulu a jikin fata, mai kauri a tsakiya, sai riga da wando da ruwa ba ya ratsawa. Auduga idan ta jiƙe tana riƙe sanyi, ku bar ta a jirgi. Hajiya za ta iya sa dogon wandon ruwa ƙarƙashin riga mai kai wa gwiwa da hijabi gajere wanda za a cusa cikin jaket, domin doguwar abaya ko zani suna iya harɗe ƙafa wajen shiga kwale-kwale, kuma nan ne wuri mafi hatsari a duk tafiyar. Safar hannu da hular ulu dole ne.

Lokacin da na fi so daga tsakiyar Yuni ne zuwa ƙarshen Yuli. Tsuntsun fafin yana barin gaɓa wajen tsakiyar Agusta, wanda ya zo bayan nan ramuka kawai zai tarar. Hasken nan mai launi da ke rawa a sama kuwa sai da duhu ake ganinsa, wato daga ƙarshen Agusta zuwa gaba, lokacin da teku ta fara tsanani. Ba a haɗa biyun a tafiya ɗaya, duk tallan da ya nuna muku su tare hoto ne kawai.

Batun salla. A mafi yawan ƙasar rana tana faɗuwa ko a tsakiyar bazara. A Reykjavik, wajen 21 ga Yuni, tana faɗuwa kusan sha biyun dare ta fito kusan ƙarfe uku. A can arewacin ƙasar ne take yin kwanaki, wani wurin har makonni, ba ta ɓuya ba. Saboda haka, in ban da can arewa, azahar da la'asar da magariba lokutansu a bayyane suke. Matsalar tana ga isha'i da asuba, domin jan shafaƙi ba ya gushewa har alfijir ya haɗe da shi. Malaman da suka yi nazarin ƙasashen arewa sun yi bayani a kai: akwai masu cewa a ƙaddara da wuri mafi kusa da alamomin suke bayyana, akwai masu raba daren kashi-kashi, ga kuma sauƙin ƙasaru da jam'i da matafiyi yake da shi. Ku zauna da malaminku kafin ku tashi, ku kai masa lokutan faɗuwa da fitowar rana na kwanakin tafiyar, ya tsayar muku da hanya ɗaya ku bi ta. Manhajojin waya sukan ba da lokutan da suka saɓa wa juna a can, kada su rikita ku. Alƙibla tana gabas ne da ɗan karkata zuwa kudu, kuma ma'aikatan ɗakin tuƙi za su gaya muku inda jirgi ya fuskanta idan kun tambaya. A waɗannan shekarun azumi ba ya faɗowa a lokacin tafiyar. Reykjavik tana da ƙananan masallatai idan Juma'a ta same ku a can.

Abinci ba zai ba ku wahala ba, kifi ne ko'ina kuma sabo. Yaron ya sanar da kamfanin a rubuce tun wajen biyan kuɗi cewa ba ku cin naman alade da abin da aka dafa da giya, sannan ku maimaita wa shugaban ɗakin cin abinci a daren farko. Wasu gidajen abinci a gari suna sayar da naman wel da na fafin, yawanci don baƙi. Ina roƙonku ku bar su, fafin yana raguwa, tun 2015 yana cikin jerin tsuntsayen da ake tsoron ƙarewarsu. Wani abin da ba a cika gaya wa mutanenmu ba: wuraren wankan ruwan zafi na ƙasar suna wajabta wanke jiki ba tufafi kafin a shiga, maza daban mata daban, amma cikin tafkin a haɗe ake. Wasu wuraren suna da ɗakin wanka mai ƙofa. Idan an sa shi cikin jadawali kuma bai kwanta muku ba, ku ce a ba ku wani abin a madadinsa.

A ƙauyukan nan ku tuna gidajen mutane ne, kada a leƙa taga ko a ɗauki hoton yara. Kada ku taka gansakukan da ya rufe duwatsu, yana shekaru masu yawa kafin ya farfaɗo. A saman gangaren tsuntsaye kada ku matsa baki, domin fafin ya rarake ƙasan da ramuka, tana iya burmawa. Kuma ku sayi wani abu a garin, ko rigar ulu ko shayi, saboda fasinjan da ya ci ya sha a jirgi ya tafi bai bar wa mutanen wurin komai ba sai sawun ƙafa.

Ayislan ba ta cikin Tarayyar Turai amma tana cikin yankin Shengen, don haka bizar Shengen za ku nema, kuma ku fara da wuri. Ku duba tsarin tafiyar da kyau: idan jirgin zai taso daga Sikotlan kuna buƙatar bizar Birtaniya, idan kuma zai leƙa Girinlan ko tsibiran Faro, su ba sa cikin Shengen, sai bizar ta ambace su. Babu jirgin sama kai tsaye daga Najeriya, ta Landan ko wani birnin Turai za ku bi, daga Landan awa uku ne zuwa filin jirgin Keflavik, wanda yake kilomita 50 daga Reykjavik. Ku isa aƙalla kwana biyu kafin jirgin ruwa ya tashi, domin ba ya jiran kowa kuma ba ya jiran akwatin da ya maƙale a hanya. Waɗannan kwanakin ku yi amfani da su wajen ganin abin da jirgi ba zai kai ku ba: Thingvellir inda majalisarsu ta fara zama a shekara ta 930, maɓuɓɓugar Strokkur mai feso tafasasshen ruwa duk bayan 'yan mintoci, da magangarar Gullfoss. Yaron ya ɗaukar muku mota da direba na wuni ɗaya. Idan kuka zarce har bakin tekun Reynisfjara mai baƙin yashi, ku tsaya nesa da ruwa kuma kada ku juya masa baya, igiyar wurin tana zuwa ba sanarwa kuma ta ci rayukan baƙi. Allah ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya, a gaida Hajiya.